KATANGAR KARA DON TARE ƘARAR MOTOCI

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a makarantar da ke bakin babbar hanya ya san wannan wahala. Yana tsakiyar bayani sai babbar mota ta taho, tilas ya yi shiru har ta wuce, kafin nan kuwa hankalin yara ya rabu. Haka akawu, in ofishinsa na kallon hanya, sau da yawa sai ya sake lissafin da ya riga ya yi. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da ɗaukar wannan abu a kan cuta ne, tun da yana hana barci, likitoci kuma sun ce yana da hannu a hawan jini da ciwon zuciya. Gwamnatin Amurka ta kafa dokar rage ƙara a 1972, tun daga wajejen lokacin nan kuwa a ke ta gina dogayen katangu tsakanin manyan hanyoyi da gidajen mutane. Yawancinsu na kankare ne, ko bulo, ko katako, ko tudun ƙasa. Amma akwai waɗanda suka ga a gwada da abin da manomi ke zubarwa, watau karan alkama da na shinkafa.

Yadda Katanga Ke Tare Ƙara

Ma'aunin ƙarfin sauti shi a ke kira desibel. Hira ta yau da kullum takan kai kamar 60, babbar mota kuwa in tana kusa takan haura 80. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai kada ƙarar hanya ta wuce 53 bisa jimlar yini da dare, da dare kuwa kada ta wuce 45.

Injiniyoyin hanya sun gano cewa in katanga ta yi tsawon da mutum ba ya hangen motocin, takan rage wajen desibel 5. Kowace mita ɗaya da aka ƙara a bisa wannan takan ƙara rage kamar ɗaya da rabi. In an sami ragin 10, kunne yakan ji kamar ƙarar ta ragu da rabi. Ba katangar da ke kashe ƙara ɗungum, domin sauti yakan karyo ta bisanta da ta gefunanta, balle rugugin manyan motoci. Saboda haka sharuɗɗa uku ne: ta yi tsawo da nisa, kada ta kasance da kafa ko ɗaya, kuma ta yi nauyi, kamar kilo 20 a kowace murabba'in mita. Wannan shi ya sa zana da dannin kara irin namu su ke tare ido, ba su tare kunne, don ba su da nauyi, ga kuma kafofi.

Asalin Gini Da Damin Kara

Damin da mu ke magana a kai ba irin wanda a ke ɗaurewa da hannu ba ne. Inji ne ke danne karan, ya ɗaure shi da igiya, ya fito da kusurwa huɗu kamar ƙaton bulo. Ƙaramin yakan yi kamar kilo 20. Babban kuwa tsawonsa ya kusa mita biyu da rabi, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, nauyinsa kilo 300 ko fiye, sai da inji a ke ɗaga shi. In an ɗora uku a kan juna an sami katanga mai tsawon kusan mita 3 a yini guda.

Mutanen Nebraska ta Amurka su suka fara gina gidaje da shi a ƙarshen ƙarni na 19, domin yankinsu rairayi ne, ba itace. Akwai coci da aka gina haka a garin Arthur a 1928, yana nan tsaye. A Faransa ma, a garin Montargis, akwai gidan da wani injiniya mai suna Feuillette ya gina a 1920, har yanzu bai rushe ba. Daga baya sai doka ta ƙara wa abin ƙarfi. Jihar Kalifoniya ta yi dokar rage ƙona karan shinkafa a 1991, Ingila kuma ta hana ƙona kara a gona a 1993. Da manoma suka ga kara ya yi musu yawa, sai aka shiga neman abin da za a yi da shi.

Inda Wuyar Ta Ke

Wajen tare ƙara dai damin kara ba shi da laifi. Yana da kauri, yana da nauyi, kuma yakan shanye sauti, alhali kankare yakan mayar da shi ga maƙwabtan da ke ƙetaren hanya. Shi ya sa a kan jera shi kewaye da wuraren aikin gini, a jihar Kolorado kuma an yi ta kewaye rijiyoyin mai da shi don kada injuna su hana mutane barci. Sai dai duk waɗannan ayyuka ne na 'yan watanni.

Babban abokin gaban kara ruwa ne. In damshin da ke cikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe haka, sai ya fara ruɓewa, katanga ta zauna, kafofi su buɗe, ƙara ta sami hanya. Gida yana da rufi, akwai kuma mai shi da ke duba shi kullum. Katangar bakin hanya kuwa ruwan sama na dukanta ta fuska biyu, tayoyin motoci na watsa mata taɓo, ba kuwa mai lura da ita.

Don haka mai son ta daɗe sai ya yi mata abu uku. Ya ɗora ta bisa harsashin dutse ko kankare, yadda ba za ta taɓa ƙasa ba. Ya yi mata rufi mai baki a waje. Sa'an nan ya cusa kara a tsakanin dammai, ya yaɓe ta ciki da waje da farar ƙasa ko laka, waɗanda ke barin damshi ya fita. Yaɓen nan shi ne kuma maganin ɓeraye da gobara. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2006, katangar da aka yaɓe da laka ta jure wuta awa ɗaya, mai siminti kuwa awa biyu. Amma fa a lura, da zarar an yaɓe ta, shanye sautin nan ya ragu, arahar ma ta ragu. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yanzu hukumomin hanya suka fi dogara ga kankare da tudun ƙasa.

Abin Da Za Mu Ɗauka

To, mu fa? Karan shinkafa dai muna da shi, a Kura da Kadawa da fadamun Kebbi. Amma a nan abincin dabbobi ne da rani, yana da masu nemansa. Ga gara, wadda ba ta barin kara, ga kuma gobarar hunturu. Wanda zai gwada, ya fara da 'yar gajeruwar katanga a bayan aji ɗaya, ya ga yadda za ta fita daga damina biyu, kafin ya nemi a kashe kuɗin jama'a.

Ilimin da ke cikin zancen shi ya fi karan amfani gare mu. Doguwar katangar tubali mai kauri, irin wadda maginanmu suka gada, ta cika sharuɗɗan nan uku, in dai ana yi mata yaɓe. Kuma duk sa'ad da aka ninka nisan da ke tsakanin gini da hanya, ƙara takan ragu da wajen desibel 3. Saboda haka muna roƙon malamai da ma'aikatan da a kan nemi shawararsu wajen zaɓen filin makaranta ko asibiti, su tuna da kunnen yara da na majiyyata tun ba a sa harsashi ba. Rigakafi ya fi magani.