Daga Karen Mota Zuwa Direba: Masu Gingimari A Hanyar Tsafe, Gusau Da Bunguɗu

Duk wanda ya taɓa kwana a Gusau kusa da babbar hanya ya san ba zakara kaɗai ke tashin mutane da asuba ba. Tun kafin ladan ya kira salla za ka ji gingimari tana gurnani, yaron mota yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraron ƙararsu, maigidansa kuwa yana alwala a gefen kwalta. Mu da muke aikin alƙalami, akawuna da malaman makaranta, mun saba wuce waɗannan mutane ba tare da mun waiwaya ba. To, yau a kansu za mu yi magana.

Sai mu fara da asalin abin. A shekarar 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta ƙare a Ƙauran Namoda. Ba ta kai Sakkwato ba, har yau kuma ba ta kai ba. Saboda haka duk kayan da jirgi ya sauke a Gusau, gishiri ne, kananzir ne, ko yadi, dole a sami abin da zai ƙarasa da shi yamma, ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara, tafiyar wajen mil 130. Gyaɗa da auduga da fatu kuma daga ƙauyuka sai an kawo su bakin tasha. Da fari jakuna da raƙuma ke wannan aiki, daga baya mota ta karɓe. Watau jirgi ne ya haifi sana'ar tuƙi a Gusau, ga shi kuwa ɗan ya rayu bayan uban ya kwanta, gama da harkar jirgin ta ja baya sai kaya duka suka koma kan kwalta.

Babu wanda ke fara wannan sana'a daga kujerar direba. Yaro yakan zo tasha ne don wata larura: ko uba ya rasu, ko gona ta ƙi, ko kuwa, kamar yadda ya yawaita tun wajen 2011, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu sun kore shanu. Wani direba ya ji tausayinsa ya ɗauke shi. Daga ran nan sunansa karen mota, suna mai ɗaci wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa waƙa har ta game ƙasa. Shi ke wanke mota, shi ke ɗaure tamfol, shi ke ɗebo ruwan lagireto. In an zo hawa mota ta gaza, shi zai dira da gudu ya tokare taya da katako kada ta koma da baya. Da dare maigida ya sami ɗaki, shi kuwa ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota yana gadin kaya, ko da hunturu ne. Albashi babu, sai kuɗin abinci da abin da hannun maigida ya sake.

Amma fa makaranta ce, ko da yake ba allo ba rajista. Yaron da ya shekara uku ko huɗu a haka yakan gane ciwon inji da kunne kafin bakanike ya buɗe shi. Ya san yadda ake raba lodi don kada nauyi ya karkata, ya san ba a saukowa gangara da burki kaɗai, sai an sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar. Rannan sai maigida ya ce ya juya motar a cikin tasha. Wata rana ya ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya da rana tsaka. Daga nan sai neman lasin. Tsofaffin direbobi har yanzu sukan ba da labarin ranar 2 ga Afrilu 1972, da aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, suka koma ɗalibai su da yaransu baki ɗaya.

Wahalar ba ta ƙarewa da samun lasin. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Wanzamai da Tsafe da Kwatarkwashi ta yi ƙaurin suna wajen tare matafiya, har direbobi da yawa suka daina binta da dare, sukan jira gari ya waye su tafi a jere. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi a mota, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci, don a matsa wa 'yan bindiga. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin, wanda ya saba ɗaukar shanu zuwa Kudu zama ya kama shi, ga iyali suna jira. A 2022 kuma man dizal ya yi tsadar da ta cinye ribar masu mota, kuma kowa ya san in riba ta ragu aljihun direba ake fara taɓawa.

Ba za mu ɓoye laifinsu ba. Akwai masu shan ƙwaya don su kori barci, akwai masu ɗora mutane bisa buhuna har sama, kuma hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ba ta rasa aiki a kansu. Amma a ganina kuskure ne a auna sana'a duka da miyagunta. Masara da dawa da waken da ake lodi a kasuwannin Tsafe da Bunguɗu ba da kansu suke zuwa Kano da Legas ba. Na kuma san gidaje a Gusau inda kuɗin tuƙi ne ya yi wa ƙanne aure, ya kai uwa Makka, ya biya wa yara makaranta har suka zama akawuna irinmu.

Saboda haka, malam, in ɗalibinka ya bar aji ka gan shi a tasha da tsumma a kafaɗa, kada ka kau da kai. Kira shi ka tambayi wane ne maigidansa, ka kuma ja kunnensa ya riƙe karatu da lissafin da ya samu, domin takardar kaya da alamun hanya da jarrabawar lasin duk suna jiransa a gaba.