Doka ta ce a tambayi talaka, amma da wane harshe?

Lokacin da aka kafa masana'antar siminti ta Malbaza, cikin shekarun 1960, babu dokar da ta tilasta wa kowa neman ra'ayin manomin da ke maƙwabtaka da ita. Gwamnati ta yanke, komandan ya sanar, hakimi ya isar, shi ke nan. Sai a 1997 ne Nijar ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a soma su. Doka mai lamba 98-56 ta biyo baya a 1998, sannan mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, wadda ta sanya sauraron jama'a cikin sharuɗɗan binciken. Hukumar BNEE ke tantance rahotannin.

A takarda dai talaka ya samu bakin magana. To amma rahoton da za a tattauna kundi ne mai kauri cikin Faransanci, kuma sau da yawa waɗanda ke cika tabarmar taron su ne waɗanda ramin haƙar dutse ba zai ci gonarsu ba. Makiyayin da za a toshe wa burtali yana daji; matar da ke ɗebo ruwa a rijiyar da ƙura za ta rufe tana gida. Sa hannu a takardar halarta ba amincewa ba ce.

Masu cewa ƙauyawa ba su san waɗannan al'amura ba, su leƙa gundumar Illela. A 1989 wani shiri na asusun FIDA ya kai manoma 13 yankin Yatenga na Burkina Faso. Suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya kwanta, hatsi ya tashi. Da suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba tara, ba sandar ɗan gandun daji. Cikin shekaru goma tassa ta farfaɗo da dubban hekta, har fakon da ba mai kallonsa a da ya zama abin saye da sayarwa a wajejen Badagishiri. Haka nan a fadamun noman rani na Birnin Ƙonni, gyaran da Amurka ta ba da kuɗinsa ƙarƙashin yarjejeniyar 2016 ya zo da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin masu shuka su riƙe rabonsa.

A watan Afrilu na 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, wato ƙofa guda ta kai koke ta rufe, taron sauraron jama'a ya ƙara nauyi. A 2025 kuwa Hausa ta zama harshen ƙasa. Mene ne zai hana a karanta taƙaitaccen kowane rahoto da Hausa a rediyon karkara, mako biyu kafin taro, a kuma sa taron ranar da ba ta ci karo da kasuwa ba? Malamin makaranta na iya karanta wa ƙauye kundin, ɗan kasuwar da motocinsa ke jigilar siminti na iya ɗauko mutanen rugage.