Darbejiyar da Jemage ke Shukawa

Duk mai ɗan lambu a bayan gida a Unguwar Gano ta Kano ya san aikin da damina ke kawo masa. Ruwa na sauka biyu ko uku, sai ka ga tsiron darbejiya a gindin katanga, cikin tukunyar fulawa, har a tsagar simintin kwata. Babu wanda ya shuka ta. Aikin jemage ne.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, baƙuwa ce daga Indiya da Bama. Turawan mulki suka shigo da ita Borno a 1928, don inuwa da itacen girki, daga nan ta bazu Sakkwato da Katsina da Kano. Ta kuwa yi abin da aka kawo ta yi: fari bai cika kashe ta ba, gara ma na shakkar itacenta. A kwarin Majiya na Nijar, tun 1975 aka riƙa jera ta don tare iska daga gonakin gero. Mu nan kuwa, wa bai sha ɗacin ganyenta ba a lokacin zazzaɓi?

Amma ɗacin bai kai ga naman 'ya'yan ba. In sun nuna sun yi rawaya, akwai ɗan zaƙi tsakanin ɓawo da ƙwallo, shi jemage ke bi. Ka tsaya bayan magariba ta wajen makabartar Tarauni ko Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, za ka ji fuka-fukai na kaɗa rassa. Jemagen ba ya ci a inda ya tsinka. Yakan ɗauki ɗan a baki, ya tafi wata bishiyar ya rataya, ya tsotse, ya saki ƙwallon. Shi ya sa a ƙarƙashin mangwarona nake share ƙwallayen wata bishiya dabam, fes da su kamar an wanke. Da rana tsuntsaye su karɓi aikin.

Ƙwallon ba ya daɗewa da rai, 'yan makonni ne, sai dai yana faɗowa daidai lokacin da ƙasa ke jiƙe. Tsiron kan fara tura saiwa ƙasa kafin ya yi tsawo. In ya kai taƙi ɗaya, hannu ya isa a tumɓuke shi. In ka bar shi ya shekara, sara ba ya kashe shi, kututturen sai ya fito da rassa huɗu a madadin ɗaya, saiwar kuma ta nufi tushen gini da bututun ruwa. A filayen Akara ta Gana ta mamaye daji ta wannan hanya, kuma a arewacin Ostireliya hukuma ta sa ta cikin jerin ciyayi masu ɓarna.

Maƙwabcina ya ce maganin abin a kori jemagun da gwafa. Ban yarda ba. Da can cediya da durumi da kanya da ɗinya suke ci, su suke yaɗawa. Mun sare bishiyoyin mun yanka filoti, mun bar musu darbejiya da mangwaro. Shi ya sa bana na samo dashen kanya daga wajen masu sayar da shuke-shuke a hanyar gidan zu; mai sayarwar ya ce in yi haƙuri, za ta daɗe kafin ta yi 'ya'ya.