Sharar Kilomita Biyar: Aikin Baro Daban, Aikin Mota Daban

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui ke kira PK5, ita ce cibiyar ciniki ta babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tana cikin gunduma ta uku, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi suka daɗe da kafa rumfunansu, kuma babban masallacinta ne Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015. Duk inda kaya ke shiga da yawa kuwa, shara ma da yawa take fita: kwalaye da ledoji, robobin ruwa, gwangwanaye, ɓawon rogo da ruɓaɓɓen kayan gwari. Hanyoyi biyu ne a gaban hukumar birnin. Ko dai ta tura motoci su bi gida-gida, ko kuma ta ware wuraren da jama'a za su kai sharar, a rarrabe ta a can. A ganina ta biyun ce ta dace da wannan unguwa, amma da sharaɗi.

Mota ba ta shiga yawancin lungunan PK5. Da ka sauka daga manyan tituna irin su Koudoukou, sai hanyoyin ƙasa matsattsu waɗanda damina ke mayarwa taɓo. Sannan ƙasar ba ta da teku. Kayan gyaran mota sai sun biyo hanyar Duwala ta Kamaru, tafiyar fiye da kilomita dubu. Motar shara guda idan ta tsaya, tana iya daɗewa a tsaye. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa a biranen ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 48 cikin ɗari na shara kawai ake kwashewa, kuma fiye da rabin sharar waɗannan ƙasashe ragowar abinci ne da ganyaye. Irin wannan taki ne, masu lambu na nemansa, bai kamata a ƙona mai wajen jigilarsa zuwa juji ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, sarrafa shara ba baƙon abu ba ne a kasuwa irin wannan. Masu tura baro suna kwashe ta ƙofa-ƙofa a kan 'yan kuɗi kaɗan. 'Yan gwangwan suna sayen tsohon ƙarfe da tagulla, maƙera suna narka sanholo su zuba tukwane, robar ruwa kuma tana komawa hannun masu sayar da manja da fetur. Duk wanda ya san 'yan jari-bola na Kano ya san wannan sana'a. Abin da suka rasa shi ne wurin da hukuma ta amince su sauke kaya su tsince. Da yake babu, sai wanda ba ya sayuwa ya ƙare a magudanar ruwa, a birnin da ambaliyar kogin Ubangi ta raba dubban mutane da gidajensu a watan Oktoba 2019. Birnin Pune na Indiya ya gwada wata hanya tun 2008: hukuma ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsintar bola mai suna SWaCH, gidaje suna biyan su kai tsaye, abin da suka tsinta nasu ne, hukuma kuma tana ɗaukar ragowar. Ba a kori kowa daga sana'arsa ba.

Mai ƙorafi zai ce duk wurin da aka ware domin tara shara, juji yake zama, maƙwabta su kwana da wari da ƙudaje. Gaskiya ne, kuma nan sharaɗin yake. Wurin tarawa yana lalacewa ne ranar da mota ta daina zuwa. Bangui na da babban jujin Kolongo a gunduma ta shida, wanda aka gina da tallafin Bankin Duniya, kuma jigila daga unguwa zuwa can aiki ne da mai baro ba zai iya ba. Don haka 'yan motocin da hukuma ke da su, maimakon yawo a tituna, su tsaya kan wannan zirga-zirga ɗaya, a ranakun da kowa ya sani. Gangamin tsabta irin na Kwa ti Kodro yana da amfaninsa, amma sharar gida kullum ake yin ta, ba ta jiran ranar gangami.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, domin batun kuɗi ne. 'Yan kasuwar PK5 sun sha biyan harajin dole ga 'yan bindigar da suka ce suna kare unguwa, har aka kai ga ƙazamin faɗa a watan Disamba 2019 lokacin da suka ƙi ci gaba da biya. Mutanen da suka ga wannan ba za su yi marhabin da sabon mai karɓar kuɗi ba, balle daga hukumar da bayan zaɓen 1988 ta shafe fiye da shekara talatin ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Shi ya sa kuɗin ya kamata ya tafi hannun mai baron da ake gani da ido, a kan farashin da masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa suka zauna suka yanke. In bai zo ba, ba a biya shi.

Leda kam babu mai sayenta, kuma wurin tarawa ba zai sama mata kasuwa ba. Maganinta rage shigo da ita. Amma ƙarfe da roba da kwali da taki duk suna da masu nema. Ya kamata ofishin magajin garin Bangui ya fara da abin da ke hannunsa: ya yi wa masu baro rajista, ya ware musu filaye kusa da kasuwa, ya sanar da ranakun zuwan mota, ya kuma cika alkawari.