Daga Bas Zuwa Bos: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Jama'ar Dangoma da maƙwabta, daga Kalgo har Gwandu, a gyara zama. Tsarabar yau kashi biyu ce, bas mai aiki da lantarki da kallon fim da dare, kuma duk wuta ce uwarsu. Bisimilla!

Bas mai lantarki ba ta da salansa, ba ta shan mai, ba a yi mata juyen baƙin mai. Wanda ya saba toshe hanci da bakin mayafi a tasha sai ya sauke hannu ya gaisa da mutane. Huhu ma ya samu hutu.

Shirun nata kuwa har ya so ya yi yawa. Akuyar da ke kwance a gefen titin Kalgo da kunne take gane mota, haka makaho, shi ya sa tun 2019 dokar Turai ta ce sababbin motocin lantarki su riƙa fitar da wani sauti idan gudunsu bai kai kilomita 20 a awa ba. An kori ƙara, an dawo ana lallashinta.

Idan direba ya taka birki, wani ɓangare na ƙarfin gudun yakan koma cikin batir. Tsayawa ɗaukar fasinja ma da ladanta.

Kada a ɗauka yarinya ce. A 1907 bas mai batir ta riga ta fara jigila a Landan, kuma idan caji ya ƙare cikin minti uku ake zare batirin a zura wani. Kafin mai shayi ya gama fifita kofi ɗaya!

Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da duk bas-bas ɗinsa na lantarki a ƙarshen 2017, sama da 16,000. Masu bumburutu, sai a nemi wata sana'a.

Ba sai an je da nisa ba. Dakar ta fara tata a 2024 a kan layi mai kusan kilomita 18, a Maiduguri kuma an ciro injin ƙananan bas an sa batir, aka shimfiɗa faifan sola a kan rufi. Ranar da ke gasa mu, ga ta tana tura mota.

Tun shekarun 1970 akwai layin wuta da ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Yamai. Ni dai a ganina, wutar da ta san hanyar Nijar bai kamata hanyar tashar Kalgo ta gagare ta ba. 'Yan kabu-kabu, ku ma ku sa kunne.

To, mu leƙa wajen kallo. A zamanin Turawa mota ce ke kai fim garuruwan Arewa, ɗauke da injin wutarta da farin ƙyalle, a kafa a fili a nuna noma da tsafta, mai bayani yana ta zuba Hausa a lasifika. Majigi ke nan, sunan da aka aro daga wata fitilar haska hoto ta Turawa. Jiya mota ke kawo wuta, yau ita ke nemanta.

Wasu dattawan lokacin dodon bango suke ce wa abin. Mutum yana tafiya a jikin garu ba inuwa ba ƙafa a ƙasa, wa zai ga laifinsu?

Gidan silima na farko a Kano a 1937 aka buɗe shi, kuma ba shi da rufi, don haka sai duhu ya yi ake farawa. Da damina ido ɗaya na kan allo, ɗaya na kan hadari. Kallo da rabo!

Masu kallon fim ɗin Indiya ba su jira fassara ba kafin su raɗa wa jarumai suna, wannan Sarkin Ƙarfi, wancan Ɗan Daba Mai Lasin. Suna ba rago, ba goro.

A bakin yaran gidan kallo kuwa kowane fim mutum biyu ne, ekta da bos. Za ka ga yaro ya ɗosana a ƙarshen benci, gyaɗa a aljihu, yana rantsuwa bos ba zai kai ƙarshen fim ba. Wasali ɗaya ya raba shi da bas, amma shi ba ya ɗaukar fasinja.

Gugguru ya kama gidajen silimar Amurka ne a shekarun 1930, lokacin da aljihu ya bushe, domin shi ne mai araha. Mu nan rake da aya sun tsare ƙofa.

Babbar bas ta lantarki takan ɗauki batir mai cin yunit 300 na wuta. Talabijin mai wat 100, in ana kunna ta awa uku kowane dare, sai ta yi dare 1,000 kafin ta shanye shi, ba kukan janareta, ba ihun "an ɗauke!" daidai lokacin da ekta ya ritsa bos. Masu gyaɗa, a ƙara suya!