Hanyoyin Ƙafa na Fadama da Tudu: Mu Bi Su, Mu Kiyaye Su



A cikin rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci a ƙasar Arewa, wata rana da damina mun ajiye moto, muka bi hanyar ƙafa zuwa wani ƙauye da ke gefen fadama. Shekarun baya amalanke tana bin wannan hanya da kaya, ba ta taɓa shukar kowa ba. A ranar kuwa sai da muka riƙa ture ganyen hatsi da hannu. Mai gonar dama ya ci kamu ɗaya, mai gonar hagu ya ci kamu biyu. Dattijon da ya raka mu ya shaida mana cewa da aka tashi kai wata mai naƙuda gidan likita, sai da amalanke ta yi dogon zagaye. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kan hanyoyin ƙafa, da amfaninsu ga jiki, da abin da ke cin su.

Ƙasarmu kashi uku ce

Wanda ya san gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri ya san ƙasar kashi uku ce.

Na farko fadama. Ita ce ke cikin babban kwarin nan da ake kira Dallol Mawri. Dallol kalmar Fillanci ce, ma'anarta kwari. A zamanin da can, kogi ne ke gudu a cikinsa. Kwarin ya gangaro daga arewa, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, ya nufi kogin Kwara wajen Gaya. Ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ake noman rani. A shekarar 2004 an sa ɓangaren kudu na kwarin cikin jerin fadamun da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye su.

Na biyu jigawa, wurin hatsi da wake, inda gawo da kalgo da sabara suke.

Na uku tudun dutsi, mai marmara da tsakuwa da fako. A nan geza da anza suke fitowa. Nan ne wurin kiwo da itacen wuta.

Hanyoyin ƙafa su ne suka ɗinke kashin nan uku. Ta kansu ake zuwa gona da rijiya da kasuwa da makaranta da gidan likita. Ta kansu ake zuwa gaisuwa, domin zumunci a ƙafa yake.

Tafiya da ƙafa magani ce

Iyayenmu sun sha tafiya daga Lugu zuwa Bagaji ko Matankari da ƙafa. Yau kabu-kabu ya yawaita. Wannan sauƙi ne, mun gode Allah. Amma a cikin gari akwai mai tebur da tela da ma'aikaci da ke wuni a zaune. Akwai mata ƴan kulle. Akwai tsofaffin da suka bar gona. Yawan zama yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ƙiba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a cikin mako. Wato rabin awa kowace rana, kwana 5 a mako. Tafiya da ɗan sauri ta isa. Tana ƙarfafa zuciya, tana rage sukari a cikin jini, tana sassauta gaɓoɓi, tana kawo barci mai daɗi. Ba a biyan ko dala.

Manomin da ke wuni yana noma da damina ya riga ya biya wannan bashi. Shi ma idan rani ya yi, kada ya ƙare kwanakinsa a gindin bishiya.

Wace hanya ta dace da wa?

Hanyar bakin fadama ita ce mafi sauƙi. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara. A Dogon Dutsi, mai bin gefen Tafkin Saw da sanyin safiya a lokacin ɗari zai ga garake na dankalin turawa da salati da albasa, ya ga balbela da zalɓe suna kiwo. Irin wannan hanya ta dace da tsoho, da mai ciki, da wanda ya tashi daga ciwo.

Hanyar jigawa tana da rairayi. Ƙafa tana nutsewa, gajiya tana zuwa da wuri. Amma da rani gawo yana ba da inuwa, tun da shi da damina yake zubar da ganye. A bi ta a hankali, ana hutawa.

Hanyar dutsi tana son ƙarfin gwiwa da takalmi mai kyau. Wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsun da ke kewaye da garin, wajen Tozon Bijini, zai hangi fadama da gonaki a ƙarƙashinsa. Mai ciwon zuciya ko mai yawan haki kada ya hau sai ya nemi shawarar likita.

Wanda bai saba ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwan da za a kiyaye

1. A yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar. A watannin Afrilu da Mayu rana tana iya kayar da mutum. A riƙe gorar ruwa mai tsabta.

2. Kada a ratsa ruwan tafki da ƙafa in akwai hanyar zagayewa. A cikin ruwan kwance akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana huda fata ta shiga jiki. Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari. Wasu suna ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma tana da magani a gidan likita. Kada a yi fitsari ko bayan gida a bakin tafki, domin ta haka cutar ke komawa cikin ruwa.

3. Kada a sha ruwan tafki haka nan. A da kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina. Da tace ruwa da gina rijiyoyi aka ci ƙarfinsa, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar. Amma zawo da sauran cututtukan ciki suna nan.

4. A sa takalmi, a riƙe sanda, da dare a riƙe fitila. Kububuwa tana son wurin duwatsu da gindin geza. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse shi, kada a ɗaure da ƙarfi. A hana shi tafiya, a ɗora shi kan amalanke ko moto, a kai shi gidan likita nan da nan.

5. A bar bakin fadama kafin magariba saboda sauro.

Me ke cin hanyoyinmu?

Abu biyu ne: hauya da ruwa.

Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ƙanƙance. Kowace shekara wani yana matsar da shukarsa kaɗan. Abin da ya samu a wannan kamu bai kai tiya ba, amma ya tare hanyar gari duka. Haka yake faruwa da burtali. Idan burtali ya toshe, ta ina dabbobi za su sauko daga tudu su sha ruwa a tafki? Sai su faɗa gona, ɓarna ta auku, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi.

Doka ta yi magana a kan wannan. Akwai dokar karkara ta shekarar 1993, da dokar kiwo ta shekarar 2010. Burtali ba mallakar mutum ɗaya ba ne, kuma an hana nome shi ko toshe shi. Akwai hukumar kula da filaye, wadda ake kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma. Aikinta ne shata iyaka da rubuta ta. Mu da muka koyi karatu, wajibinmu ne mu karanta wa ƴan uwa abin da aka rubuta, kada wani ya ce bai sani ba.

Ruwa kuma daga kan dutsi yake gangarowa. Inda aka sare geza aka bar fako, babu abin da ke tare shi. Sai ya bi hanyar ƙafa, ya zaizaye ta, ta zama kwazazzabo. Rairayin da ya kwaso kuwa cikin tafki da garake yake zubar da shi, tafki ya cike, ya ƙafe da wuri. Ashe gyaran fadama daga kan tudu yake farawa.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

Kafin ruwan farko, mai gari da dattawa da makiyaya da masu gonaki su bi hanyoyin gari da ƙafa, su daidaita faɗin kowace. Hanyar da ke zuwa gidan likita da kasuwa ta isa amalanke ta wuce da kaya. A dasa aguwa ko gamba a gefe biyu, iyaka ta fito fili. Inda ruwa ya fara cin hanya, a yi gayya a jera duwatsu a gicciye tun ramin yana ƙarami. A kan fako a haƙa rabin wata, a bar tohon itatuwa ya girma.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, sa'an nan su tattauna tambayoyin nan uku. Hanyoyi nawa ne suka haɗa ƙauyenmu da fadama? Wacce ce ta ƙuntata ko ta zaizaye? Wace rana za mu fita gyaranta? Ku rubuto mana amsarku da hannunku, za mu buga ta a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka.