Noman Radi a Garkar Gida a Ƙasar Damargu

Radi wani ɗan tsiro ne mai saiwa kamar karoti, dangin kabeji ne, kuma sunansa ya shigo Hausar Nijar daga Faransanci. Wanda aka fi gani a kasuwa ja ne a waje, fari a ciki, girmansa bai wuce goro ba, yana da ɗan yaji a harshe. Akwai kuma dogo fari da mutanen Japan da Indiya ke nomawa, wanda yakan kai wata biyu a ƙasa. Ƙaramin kuwa yana isa cira cikin kwana 25 zuwa 35, kuma wannan saurin ne ya sa ya dace da wurare irin Falanko da sauran garuruwan Damargu, a Tanut da Belbeji, inda damina gajera ce, rijiyoyi suna da zurfi, ruwan ban shuka kuma sai an auna shi.

Noman rani ya bunƙasa a Nijar bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta himmatu wajen kiran jama'a su koma garake. A jihar Damagaram, a wuraren da ruwa ke kusa kamar Mirriya da Gidimuni, ana noma salati da kabeji da tumatir da yawa. Damargu ƙasar gero ce da kiwo, don haka abin da ya fi sauƙi a can shi ne 'yar garka a cikin gida ko a gefen rijiya, da shukar da ba ta daɗewa tana shan ruwa.

Radi ɗan sanyi ne. Ya fi yin kyau idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, shi ya sa lokacinsa hunturu ne, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Da bazara ta kama, a Afrilu da Mayu, zafi a yankin yakan haura digiri 40. Wanda aka shuka a lokacin sai ya yi tsiri ya fitar da fure, saiwar ta tsaya siririya, ta yi tauri da yaji mai yawa.

Jigawar Damargu tana da amfani a nan, domin saiwa tana kumbura cikin sauƙi a ƙasa mai laushi. Matsalarta ita ce ba ta riƙe ruwa. Maganin haka shi ne a kafce fangali mai faɗin mita ɗaya, zurfin kamar taƙi guda, a tsince duwatsu, a gauraya ƙasar da takin awaki ko na tumaki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, taki mai yawa kuma yana sa ganye ya yi yabanya saiwa ta rasa. Wurin ya zama mai samun rana, a kewaye shi da zana ko darnin kara, saboda iskar hunturu da kaji da awaki.

Ba a dashen radi kamar albasa ko tumatir. Inda aka shuka irin, nan zai girma. Ana ja layi da yatsa, zurfin santimita ɗaya, tsakanin layi da layi santimita 15, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Cikin kwana uku zuwa biyar yake tsirowa. Bayan mako guda sai a rage shi, a bar tazarar yatsa uku tsakanin tsiro da tsiro. Wanda ya ji tausayin ragewa ganye kawai zai samu, domin cunkoso yana hana saiwa yin ƙwaya.

Ban ruwa shi ne jigon aikin. Abin da ake so ƙasa ta zauna da laima kullum, ba ta bushe ba, ba ta yi caɓi ba. Fangali mai tsawon mita biyu da faɗin mita ɗaya yana bukatar kimanin lita 10 a rana, rabi da safe rabi da yamma. Gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa ya isa, don kada ƙarfin ruwa ya tone iri. Ruwan alwala da aka tara a kwano yana taimakawa, amma na sabulu yana ɓata ƙasa. Idan aka bar fangali ya bushe kwana biyu sannan aka malala masa ruwa, saiwar takan tsage. Shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa tsakanin layuka yana rage ƙafewar ruwa.

Ƙwarin da suka fi damunsa su ne ƙananan masu tsalle da ke huda ganye, da tsutsa, da fara. Barbaɗa toka da sassafe, ko fesa ruwan da aka jiƙa dakakken ƙwallon dogon yaro a ciki, yakan wadatar. Maganin feshi na kanti bai dace da shukar da za a ci ɗanya cikin wata guda ba.

Da kan saiwar ya leƙo saman ƙasa ya kai kaurin babban yatsa, lokacin cira ya yi. Jinkirin 'yan kwanaki yana sa cikinsa ya yi soso, ɗanɗanon ya gudu. Tunda ba ya ajiyuwa a zafi, gara a riƙa shuka layi biyu ko uku duk bayan kwana 10, maimakon a cika fangali rana ɗaya. Ana kuma iya haɗa shi da karoti a fangali guda: kafin karoti, mai ɗaukar kusan wata uku, ya bukaci fili, an riga an cire radi, ruwa ɗaya ya yi aiki biyu.

Ana cin saiwar ɗanya bayan an wanke ta sosai, a yanka cikin salati ko a ci da gishiri, tana kuma ɗauke da bitamin C. Ganyen ba abin zubarwa ba ne: ana dafa shi a miya, ko a tafasa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli kamar zogale. Mai son iri na baɗi sai ya bar tsiro uku ko huɗu masu ƙarfi su yi fure, su fitar da kwanso. Idan ya bushe a sussuke, a adana irin cikin kwalba a inuwa har hunturu mai zuwa.